Zuwa ga fastocinmu masu wa'azi da Hausa: don Allah ku gaya wa jama'a Polikap ma ya ɓuya a gona

Iyayenmu a cikin Ubangiji, rabaran-rabaran, fastoci, masu bishara da dattawan ikilisiya, ina gaishe ku cikin sunan Yesu. Ina gajiya, ya iyali, ya aikin Ubangiji. Ni dai ba kowa ba ne, ma'aikacin jinya ne, ranar Lahadi kuma ina riƙe ajin matasa, ban taɓa zama a makarantar tauhidi ba ko na yini ɗaya, saboda haka in na yi tuntuɓen harshe ku yi min aikin gafara, ɗa ne ke magana gaban iyayensa. Zancen yadda ake kallon Kiristan da suka gudu daga tsanani ne ya daɗe yana ci na a rai, na gaya wa fastona, na gaya wa dattawa biyu, kowa sai ya ce to za mu duba, shi ya sa na ce bari in rubuta a fili kowa ya gani.

Zan fara da gwaggota. A watan Agusta na 2014 da Gwoza ta faɗa hannun 'yan Boko Haram, ita da jikokinta biyu suka ce ƙafa me na ci ban ba ki ba, suka hau duwatsu suka gangara ta Kamaru, bayan wasu watanni suka zagayo ta Yola, ƙarshe ta iso wajenmu da zani ɗaya a jikinta da wani buhun bakko da babu komai ciki sai tukunya da Littafi Mai Tsarki wanda ruwa ya jiƙa. Mijinta bai taho ba, ya ce shi ya tsufa da hawan dutse su tafi kawai, kuma har yau ɗin nan ba mu ga ko gawarsa ba.

Bayan kamar shekara biyu, ta ɗan fara dawowa hayyacinta, ta shiga zumuntar mata har tana buga tulu in ana waƙa, sai aka yi taron farkaswa aka gayyato mana baƙon mai wa'azi. Ba zan faɗi sunansa ko inda ya fito ba, ba shi na zo tonawa ba. Mutumin ya iya magana kam, ya ɗauko labarin Shadrak da Meshak da Abednego, yana cikin zuba sai ya ɗaga murya ya ce wai su waɗannan ba su gudu ba, amma yau ga Kirista suna barin majami'unsu suna tsallake duwatsu kamar awaki, ina bangaskiyarsu take, wanda ya gudu daga wuta ai ya gudu daga kambinsa ne. Aka amsa da Amin mai ƙarfi, har da tafi. Ina daga gefen matasa ina kallon gwaggo, na ga ta jawo ɗankwalinta ta rufe fuska, ta tashi a hankali ta bi ta ƙofar gefe, bayan an tashi na same ta zaune a gindin dogon yaro inda ake ajiye babura, ba kuka take ba ma, shiru kawai. Da na ce gwaggo tashi mu tafi sai ta ce, ɗana ai malam gaskiya ya faɗa, babanku ya tsaya ni na gudu. Tun daga ranar ba ta ƙara miƙa hannu ta karɓi Jibin Ubangiji ba, in an zo kanta sai ta sunkuyar da kai a wuce.

Na rasa abun da zan ce mata, don ni kaina a lokacin a zuciyata ina ganin kamar wanda ya tsaya aka kashe shi ya fi wanda ya tsira daraja, haka muka taso muna ji.

Wanda ya warware min ba fasto ba ne. Wani likita ne ɗan Masar da muka yi aikin dare tare a wani asibiti, Kirista ne na cocin Kibɗawa, irin masu ɗan ƙaramin gicciye da aka zana musu a wuyan hannun dama tun suna yara. Wani dare marasa lafiya sun yi barci muna shan shayi na ba shi labarin gwaggo, ya ajiye kofinsa ya ce ka san Polikap? Na yi dariya na ce ai muna da guda uku a cocinmu, ɗaya ma bakanike ne. Ya ce to wanda aka sa musu sunansa fa? Nan na yi tsuru-tsuru. Kuma iyayena ku gwada da kanku, ranar Lahadi ku tambayi duk wani mai suna Polikap a ikilisiyarku waye mai sunan na asali, ku ga mutum nawa za su amsa. Sunan ya cika Filato da Kudancin Kaduna da Binuwai, labarin ne bai iso ba.

Likitan ya ce su a wajensu akwai littafin tarihin tsarkaka da shahidai da aka jera bisa kwanakin shekara, ana karanta na ranar a cikin sujada bayan an karanta Ayyukan Manzanni, yaro na ji tun yana goye har ya tsufa. Kalandarsu ma daga shekara ta 284 take fara ƙirga, shekarar da Sarki Diyokiletiyan ya hau mulkin Roma, suna kiranta shekarun shahidai saboda yawan jinin da aka zubar musu a zamaninsa. Su Girkawa da Rashawa da sauran 'yan Otodoks kuma ranar 23 ga Fabrairu ta kalandar cocinsu suke tuna Polikap duk shekara. Daga nan na je na nemi labarin na karanta da kaina, kuma ba wani dogon abu ba ne, wasiƙa ce da ikilisiyar garinsa ta rubuta wa wata ikilisiya a Filomeliyum bayan an kashe shi, tana cikin mafi daɗewar labaran shahada da Kirista ke da su a wajen Sabon Alkawari, a zama ɗaya za ka gama ta.

Polikap bishop ne na Samirna, wannan Samirnan dai ta cikin ikilisiyoyi bakwai na Wahayin Yahaya sura 2, wadda aka ce mata ta yi aminci har mutuwa. Yau garin shi ne Izmir a ƙasar Turkiyya, a bakin teku. An haifi Polikap wajajen shekara ta 69, kuma Iraniyus wanda ya zama bishop a Liyon ta Faransa ya rubuta cewa yana yaro ya sha zama yana sauraronsa, har yana iya tuna wurin da tsohon ke zama in zai koyar, da yadda yake tafiya, da yadda yake ba da labarin zamansa da Yahaya da sauran waɗanda suka ga Ubangiji da idonsu. Wato ba wani na nesa ba ne, tsakaninsa da manzanni hannu ɗaya ne. Yana da sauran ƙuruciya lokacin da aka biyo da Ignatiyus bishop na Antakiya ta Samirna a ɗaure, sojoji goma na tsaronsa za a kai shi Roma a jefa wa namun daji a zamanin Sarki Tarajan, Polikap ne ya karɓe shi, daga baya Ignatiyus ya rubuto masa daga Taruwasa ya ce ya tsaya daram kamar uwar maƙera da ake duka. To mutumin da aka yi wa wannan huɗuba, wanda ya ga abokinsa a sarƙa da idonsa, ku ji abun da ya yi da tasa ranar ta zo wajajen shekara ta 155.

An yi biki a filin wasan garin, an jefa wasu Kirista ga namun daji, cikinsu har da wani saurayi Jamanikus da ya nuna jarumtar da ta ba 'yan kallo haushi, sai taron ya ɗauki ihu a kawar da marasa allah, a nemo Polikap. Marasa allah suke kiranmu a lokacin, don ba mu da gunki ba mu da haikali kuma ba ma ƙona wa Kaisar turare. Da labari ya kai wa tsohon bai razana ba, shi so ya yi ma ya zauna cikin gari, amma jama'arsa suka matsa masa, kuma ya ji maganarsu. Ya fita ya tafi wata 'yar gona kusa da gari ya ɓuya da mutane kaɗan, dare da rana yana addu'a. Da masu nemansa suka matso, ya sake tashi ya koma wata gonar. Sau biyu fa iyayena. Almajirin Yahaya, bishop, tsoho mai furfura, ya canja maɓoya sau biyu, kuma ikilisiyar da ta rubuta labarin ba ta ji kunyar rubuta hakan ba, cewa ma ta yi shahadarsa irin wadda ta dace da bishara ce, don ya jira har aka bashe shi kamar yadda Ubangiji ya yi.

Kuma ga wurin da ya sa na ajiye wayata na miƙe tsaye cikin dare. A cikin wasiƙar akwai wani mutum Kwintus, ɗan Firijiya, bai daɗe da zuwa garin ba. Shi wannan zafin kai ya ɗebe shi ya je ya miƙa kansa ga hukuma da kansa, har ya zuga wasu suka bi shi, irin masu cewa mu ba ma tsoron mutuwa. Da ya ga namun dajin da idonsa sai gwiwa ta yi sanyi, gwamna ya lallashe shi ya rantse ya ƙona turaren. Sai masu wasiƙar suka rubuta ƙarara cewa saboda haka 'yan'uwa ba ma yabon masu miƙa kansu, don ba haka bishara ta koyar ba. Mai cika bakin shi ya yi musu, wanda ya ɓuya a gona shi ya tsaya har cikin wuta. Da baƙon mai wa'azinmu yana Samirna a makon nan, ina jin Kwintus zai kira gaba a tafa masa, Polikap kuma ya tambaye shi ina bangaskiyarsa.

Yadda aka kama shi, yara biyu na gidan aka damƙe, aka azabtar da ɗaya har ya faɗi inda yake. Masu rubutun sun ji zafin wannan har sun kawo zancen Yahuza, amma daga bakin tsohon ba su rubuta ko kalma ɗaya ta la'ana a kan yaron ba. Ranar Juma'a ce wajen lokacin cin tuwon dare 'yan doka da mahaya dawakai suka fito da makamai sai ka ce ɗan fashi za su kamo, suka same shi kwance a ɗakin sama. Yana da halin ya sake tsallakewa wani wurin, wannan karon ya ce a'a, nufin Allah ya cika. Ya sauko ya yi musu magana, su kansu suka yi mamakin tsufansa da natsuwarsa, sai ya sa a kawo musu abinci da abin sha su ci iya cikinsu, shi kuma ya roƙi su ba shi awa ɗaya ya yi addu'a. Ya tsaya a tsaye ya yi ta yi har awa biyu, yana ambaton duk wanda ya taɓa haɗuwa da shi, babba da yaro, sananne da wanda ba a sani ba, da ikilisiya ta duniya duka, har wasu cikin 'yan dokan suka fara nadamar zuwa kama irin wannan dattijo.

Ni wannan akushin abincin ya fi wutar ba ni tsoro. Na sha tambayar kaina in ni ne zan iya? Ban jin zan iya. Amma ina kawo shi ne saboda ɗaya ɓangaren matsalarmu, matasan da nake koyarwa. Rabinsu yanzu maganarsu ita ce mun juya kumatu biyu babu na uku, kuma ba daga sama suka ɗauko ba, daga bakin wasu masu wa'azi suka ji. Ban zo in ce kar mutum ya kare gidansa da 'ya'yansa ba, wannan magana ce mai tsawo kuma kun fi ni saninta, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abun da nake gani a aji dai shi ne yaro ya tashi da hoto biyu kacal a kansa, ko dai ka tsaya a yanka ka don a ce kai jarumin bangaskiya ne, ko ka je ka rama a kan duk wanda ka samu ko da mai sayar da shayin unguwarku ne da bai san hawa ba bai san sauka ba. Hoto na uku, na mutumin da ya kauce lokacin kaucewa, bai yi musu ba lokacin da aka ritsa shi, kuma bai ƙi jinin wanda ya kama shi ba, babu wanda ya nuna musu. Alhali maƙwabtan namu Musulmi su ma an kashe su an kore su a Gwoza da Bama da Baga, tare aka hau duwatsun nan, kuma ba mu manta da limamin ƙauyen Nghar Yelwa a Barikin Ladi ba, Malam Abubakar Abdullahi, da ya ɓoye Kirista sama da 200 a masallaci da gidansa a 2018. Su ma waɗannan da suka ruga masallacin, za a tambaye su ina bangaskiyarsu?

Bari in ƙarasa labarin. Suka ɗora shi a jaki suka nufi gari. A hanya shugaban 'yan dokan, sunansa Hiridus, da ubansa Nikitas suka ɗauke shi a keken dokinsu suka zauna kusa da shi suna lallashi, wai mene ne laifi in ka ce Kaisar ubangiji ne ka ɗan ƙona turare ka tsira da ranka. Da farko ya yi musu shiru, da suka nace ya ce ba zan yi abun da kuke ba ni shawara ba. Sai lallashi ya koma zagi, suka tunkuɗo shi ƙasa da sauri har ya kurje ƙwauri, ya tashi bai ko waiwaya ba ya ci gaba da tafiya zuwa filin. Gwamnan lardin, Sitatiyus Kwadaratus, shi ma ba so yake ya kashe tsoho ba, ya ce ka dubi shekarunka, ka rantse da sa'ar Kaisar, ka ce a kawar da marasa allah. Polikap ya dubi taron nan da ya cika filin, ya nuna su da hannu, ya yi ajiyar zuciya ya dubi sama ya ce a kawar da marasa allah. Tsohon har da barkwanci a bakin mutuwa. Gwamna ya ce ka rantse in sake ka, ka zagi Almasihu. A nan ne ya faɗi maganar da ita kaɗai wasunku suka sani: shekara 86 ina bauta masa bai taɓa yi min laifin komai ba, ta yaya zan zagi Sarkina da ya cece ni.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da aka zo kan a zagi Yesu babu sauran gona, babu kauce-kauce, ya ce ji da kyau ni Kirista ne, in kuma kana so ka san koyarwarmu sa min rana ka saurara. Kuma ku lura bai zagi gwamnan ba, ce masa ya yi an koya mana mu ba masu mulki girman da ya dace da su muddin bai cuce mu ba. Aka yi masa barazana da namun daji ya ce a kawo su, aka ce wuta ya ce wutarka ta ɗan lokaci ce ta mutu. Mai shela ya zaga fili sau uku yana cewa Polikap ya amsa shi Kirista ne. Taron ya nemi a sako masa zaki, mai kula da wasannin, Filibus, ya ce an riga an rufe wasan dabbobi, sai suka ce to a ƙona shi, nan da nan aka kwaso itace daga shaguna da gidajen wanka. Akwai wani ɗan abu da masu rubutun suka sa wanda yake taɓa ni, wai da ya tuɓe rigunansa sai ya sunkuya yana fama da kwance takalminsa, abun da ya daɗe bai yi da kansa ba saboda kullum masu bi na rige-rigen yi masa. Da za su kafa shi da ƙusa ya ce ku bar ni haka, wanda zai ba ni ƙarfin jure wutar zai ba ni ƙarfin tsayawa ba ƙusa, sai suka ɗaure shi kawai. Ya yi addu'ar godiya, aka kunna. Waɗanda suka gani sun ce wutar ta yi kumbo ta kewaye shi kamar tufar jirgin ruwa da iska ta cika, jikinsa a tsakiya kamar gurasa a tanda, ga ƙamshi kamar na turare, da suka ga wuta ba ta gama da shi ba aka sa wani ya soke shi da wuƙa. Shi ne na goma sha biyu da aka kashe a Samirna a wannan karon in an haɗa da waɗanda aka kawo daga Filadelfiya.

Na san abun da wasu dattawanmu za su ce, mu ba Katolika ba ne ba Otodoks ba, ba ma bauta wa tsarkaka, Littafi kaɗai ya ishe mu. Ranku ya daɗe, wannan zargin tun a ranar aka yi shi. Nikitas ɗin nan ya je ya roƙi gwamna kar a ba Kirista gawar, wai kar su bar wanda aka gicciye su koma bauta wa wannan, shi ya sa aka ƙone ta. Ikilisiyar ta amsa a cikin wasiƙar cewa Almasihu muke yi wa sujada don shi Ɗan Allah ne, shahidai kuwa ƙaunarsu muke a matsayin almajiran Ubangiji masu koyi da shi. Suka tsince ƙasusuwan suka ajiye, suka ce za su riƙa taruwa duk shekara a ranar, don tuna waɗanda suka riga suka yi kokawar da kuma horar da waɗanda za su yi nan gaba. Horarwar nan ce ba mu da ita. Ba a fafe gora ranar tafiya, Kibɗawan nan 20 da abokin aikinsu baƙar fata, Matiyu Ayariga da ake cewa ɗan Gana ne, da aka yanka a bakin teku a Libiya a Fabrairun 2015, leburori ne 'yan ci-rani ba malaman tauhidi ba, amma Kibɗawan cikinsu sun taso suna jin irin labaran nan a coci tun suna yara.

In kuma Littafi kaɗai kuke so, to ai yana ciki. Matiyu 10:23 Yesu da bakinsa ya ce in sun tsananta muku a wannan gari ku gudu zuwa wani. Yusufu ya ɗauki jariri da uwarsa cikin dare sai Masar. An zurara Bulus a cikin kwando ta bangon Dimashƙu. Bayan an jajjefe Istifanas masu bi sun watse cikin Yahudiya da Samariya, kuma da wannan watsewar bishara ta bazu, Ayyukan Manzanni 8 ke nan. Bayan zamanin manzanni ma haka aka ci gaba, Sifiriyan bishop na Kartaj, a Tunisiya ta yau, ya ɓuya a tsanantawar Sarki Desiyus a 250 yana kiwon jama'arsa ta wasiƙu, mutane suka yi ta gulmarsa, a 258 aka sare masa kai bai ja da baya ba. Atanasiyus na Iskandariya sai da ya zauna ya rubuta takarda guda yana kare gudun da ya yi, don masu irin bakin baƙonmu tun lokacin suna nan. Na san za a ce min Ignatiyus fa, ai shi roƙon Kiristan Roma ya yi kar su hana a jefa shi ga namun daji. Haka ne, amma yana cikin sarƙa ya rubuta hakan, an riga an kama shi an yanke masa hukunci, ba shi ya je ya ƙwanƙwasa ƙofar hukuma ba.

Mu ma muna da namu. Rabaran Lawan Andimi na EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya), shugaban ƙungiyar Kiristocin Najeriya (CAN) reshen Michika, an kama shi a farkon Janairun 2020 aka kashe shi ranar 20 ga watan, duk wanda ya ga bidiyon da aka sa shi ya yi ya ga natsuwar mutumin, bai zagi kowa ba bai kuma yi musun Ubangijinsa ba. Ba neman mutuwa ya fita yi ba, zuwa aka yi aka ɗauke shi. In za ku ba da labarinsa ku ba da shi haka, kar ku mai da shi bulalar dukan matan da suka tsira da 'ya'yansu.

Akwai ma waɗanda abun nasu ya fi na gwaggo nauyi, matan da 'yan matan da aka riƙe a daji aka tilasta musu suka faɗi abun da aka ce su faɗa, suka dawo wasu da goyo, yanzu suna zaune a bencin baya ana nuna su da baki. Ikilisiyar farko ta sha wannan rigimar bayan 250, wani Nobatiyan a Roma ya ce wanda ya yi musun bangaskiya ya faɗi ke nan babu dawowa, majalisar bishop-bishop a Kartaj a 251 ta ce a'a akwai hanyar tuba a dawo, kuma wannan matsayin ne ikilisiya ta riƙe. Shi kansa Polikap a wasiƙarsa zuwa ga Filibiyawa ya yi maganar wani dattijon ikilisiya Balens da matarsa da son kuɗi ya kayar, ya ce kar a ɗauke su abokan gaba, a kira su su dawo kamar gaɓoɓin jiki masu ciwo da suka bauɗe. Mutumin da bai lanƙwasa a gaban wuta ba ke nan, amma ga hannunsa da laushi a kan wanda ya faɗi. Mu da yawancinmu ko ƙarar bindiga ba mu taɓa ji kusa ba mun fi shi tsanani.

Roƙona ba mai tsada ba ne, ba ya buƙatar baiko na musamman ko kwamiti. Lahadin da ta fi kusa da 23 ga Fabrairu ku ɗauki minti goma sha biyar a cikin sujada ku karanta wa jama'a labarin nan da Hausa, dukansa, har da gonar, har da Kwintus, har da abincin da aka ba 'yan doka, kar a tsinci maganar shekara 86 kaɗai a bar sauran. Malamanmu na makarantun Baibul da suka iya Girkanci su fassara mana shi da Hausa mai kyau a buga ɗan ƙaramin littafi da zumuntar mata da matasa za su iya saya, ni na gwada tawa fassarar daga Turanci a littafin rubutu na 'yan makaranta amma na san cike take da kurakurai. Kuma in za ku gayyato baƙo ya hau mimbari a ikilisiyar da ke da 'yan gudun hijira, don Allah wani dattijo ya ja shi gefe tukuna ya gaya masa su waye ke zaune a gabansa.

Wannan fassarar tawa na karanta wa gwaggo wani dare a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Ba ta ce komai ba har na kai inda ya koma gona ta biyu, sai ta tsayar da hannu ta ce sake karanta wurin. Na sake. Ta ce kuma bishop ne? Na ce bishop ne gwaggo, wanda ya ga Yahaya da idonsa. Ta daɗe shiru, sannan ta tambaye ni wai masu gonar da suka ɓoye shi an taɓa su, na ce wasiƙar ba ta faɗa ba sai dai yaran nan biyu da aka kama. Ta ce Allah sarki yaran. Da watan ya zagayo aka yi Jibin Ubangiji ina ta leƙenta daga bencinmu, tiren ya zo gabanta ta sunkuyar da kai ya wuce kamar kullum. A hanyar gida na ce gwaggo ba kin ji labarin ba, ta ce na ji ɗana kuma na gode, amma kai yaro ne, wancan maganar daga kan mimbari aka faɗe ta.

Shekararta 71 yanzu, tana zama layi na uku daga baya ta gefen taga.

Ɗanku a cikin Ubangiji,
wani malamin ajin matasa.